Yadda na zauna na bambance gara da tururuwa a filina na bayan Rigachikun

Katako na ajiye a filina, tu-bai-fo da tu-bai-tu na rufin ɗaki biyu, tun cikin sanyi na saye su saboda kullum kuɗin kaya tashi yake, na ce bari in saya in ajiye kafin kuɗin kwano su haɗu. Muka jera su a ƙasa jikin katanga muka rufa musu tsohon tamfol. Wajen ƙarshen watan Maris na je da kafinta zai auna, muna ɗaga tamfol ɗin nan sai ga jar ƙasa ta lulluɓe na ƙasan gaba ɗaya kaman an bi su da yaɓe, kafinta ya sa guduma ya ɗan ƙwanƙwasa ɗaya sai kawai ya burma, ciki ba komai sai ƙasa da gari. Guda 11 muka ware da ba za su moru ba. Wallahi ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Baba maigadi yana tsaye yana kallonmu, dattijo ne mutumin wajen Daura, shi ke kwana a ɗan ɗakin da ke bakin filin. Sai da kafinta ya tafi sannan ya ce min, "Alhaji, tun ranar da ka sa aka yi feshin nan da damina na faɗa maka ka kori masu gadi." Abin da yake nufi, daminar bara na sa yara sun bi duk ramin tururuwar da ke filin sun ɗura fiya-fiya, don wasu suna kwashe min iri, wasu manyan baƙaƙe kuma sun harbi autana a ƙafa ya wuni yana kuka. Na ce mishi Baba ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su, gara ai farar tururuwa ce, da na samu ramin garar ma da na ɗura mata. Ya girgiza kai ya ce, "Gara da tururuwa ba sa ga maciji da juna, ka je ka duba da idonka."

Maganar nan ta tsaya min a rai. Ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne a wannan fannin, kasuwanci nake yi, amma asarar katako 11 ta isa ta sa mutum ya nemi sanin wa ya yi mishi ɓarna. Toh sai na ɗauki abin kaman aiki, duk Asabar da Lahadi bayan asuba ina filin, kusan wata biyu da rabi.

Kayan aikin ba wasu masu yawa ba ne. Na samu gilashin nan mai ƙara girman abu da masu gyaran waya ke duba injin waya da shi, wani yaro a kasuwa ya sayar min da tsohon nashi. Sai kwalaben magani da uwargida ta wanke min, sifirit na kemis don in jiƙa waɗanda na kama kar su ruɓe, tsohon buroshin haƙori na share su zuwa cikin kwalba, rula, cokali, tocila, da littafin lissafi na yara mai gida-gida wanda nake ɗora ƙwaron a kai in ɗauki hoto da waya don in ga girmanshi. Diga da shebur dama akwai na leburori.

Da garar katakon na fara. Ina fasa yaɓen ƙasan da suka yi sai na ji wani sauti kaman ana watsa yashi a kan busasshen ganye, karr karr, ya tsaya, ya sake. Na ɗauka kunnena ne, Baba ya ce zago ne ke buga kai. Daga baya na karanta cewa haka ne, sojojin gara suna buga kansu a ƙasa ko jikin itace don sanar da na ciki cewa an fasa musu gida. Masu aikin, farare masu taushin jiki da ake hango baƙar ƙasar da ke cikin cikinsu, duk suka zurara rami, sai masu katon jan kai suka fito baki buɗe. Na kai yatsa kusa da ɗaya ya kama ni, jini ya fito, kuma ko da na fizge jikinshi kan na nan maƙale a fatata. A wuri ɗayan nan na ware iri huɗu a kwalba, babban soja da ƙaramin soja, babban ma'aikaci da ƙarami.

Abu na farko da na gwada mai sauƙi ne. Na zuba gara kaman 20 a murfin bokiti, tururuwa kaman 20 a wani, na ajiye su a rana wajen ƙarfe 10 na safe, ranar Maris ta Kaduna kun san ta. Tururuwar sai zagaye suke suna neman hanyar fita, wasu ma sun haure. Garar kuwa kafin in gama shan ruwa in dawo sun fara jan jiki, jim kaɗan duk sun yamushe. Waɗanda na sa a kwalba da jiƙaƙƙiyar ƙasa na rufe a inuwa suna nan da rai har washegari. A nan na gane dalilin yaɓen. Fatar gara ba ta riƙe ruwa, iska da rana busar da ita suke, shi ya sa duk inda za ta sai ta gina rufaffiyar hanya ta tafi da duhunta da danshinta, kuma hanyar na kare ta daga tururuwa da kaji. Tururuwa jikinta da tauri kaman an shafa mata fenti, a ƙasa take kwana amma a sarari take neman abinci.

Da na sa su ƙarƙashin gilashi gefe da gefe, maganata ta farar tururuwa ta rushe nan take. Ƙafa shida-shida ne dukansu, iyakar kamar kenan. Tururuwa tana da ƙugu siriri kaman an ɗaure da zare, irin na zanzaro sak, wanda daga shi ne ma muke cewa mutum ya yi zanzaro in ya cusa riga a wando. Gara ba ta da ƙugu ko kaɗan, daga ƙirji zuwa ciki a haɗe take kaman ƙwayar shinkafa. 'Yan ƙahonnin nan biyu na kai da suke laluben hanya da su, na tururuwa a karye suke kaman gwiwar hannu, na gara a miƙe kuma ƙulli-ƙulli kaman carbi. Sai ido. Tururuwar da ke kwasar hatsi tana da idanu baƙaƙe a gefen kai, garar kuwa na juya ta na sake juyawa, na kira babbar 'yata ta duba ko idona ne, babu ido sam. Makauniya ce ta cinye min katako.

Da dare na shiga intanet ina ta karatu, abin da ya fi ɗaure min kai shi ne dangin kowa. Tururuwa 'yar uwar zanzaro da rina da ƙudan zuma ce, wannan ƙugun ya riga ya faɗa min. Gara kuwa kyankyaso ce. A 2007 wasu masana na gidan tarihin halittu da ke Landan suka fitar da binciken ƙwayoyin gado da ya nuna gara reshe ce a cikin dangin kyankyasai, wato kyankyason da ya koma zaman gandu. Akwai gara iri wajen 3,000 a duniya, tururuwa kuwa an san sama da iri 12,000. Na faɗa wa Baba zancen kyankyaso, ya ce shi dai bai ga kama ba, amma ya yarda duka biyun ba sa son haske.

Sati na gaba muka tona gidan tururuwa masu hatsi, guda ɗaya da ya tsira a can kusurwar gabas inda fiya-fiyata ba ta kai ba. Gidansu ba ya ɓuya, sun share fili kewaye da bakin ramin tas, ga tulin ƙaiƙayi a gefe, ga hanyoyi sun fita kaman titi. Muna bin ramin da cokali a hankali muna samun 'yan ɗakuna shimfiɗaɗɗu, wasu cike da irin ciyawa a bushe tsaf, an casa an sheƙe, har da 'yan ƙwayoyin dawa da ban san daga ina suka ɗauko ba. Baba ya tsuguna ya ɗebi irin a tafin hannu ya daɗe yana kallo, sai ya ce lokacin farin 1973 yana saurayi, da idonshi ya ga mata suna fita da ƙwarya da fartanya suna tona gidan tururuwa don su samu abin da za su dama wa yara. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Muka mayar da ƙasar a hankali.

Amma kafin mu rufe na kwashi fararen abubuwan nan da suke ta gudu da su a baki, waɗanda tun muna yara muke ce musu ƙwan tururuwa. Ashe yawancinsu ba ƙwai ba ne. A gilashi wasu tsutsotsi ne marasa ƙafa, wasu kuma tururuwa ce cikakkiya fara fat ta naɗe ƙafafu tana kwance ba motsi. Tururuwa daga ƙwai sai tsutsa, sai wannan kwanciyar, sannan ta tashi babba, kuma duk tsawon lokacin a baki ake ba ta abinci ana ɗaukarta daga ɗaki zuwa ɗaki. Ɗan gara kuwa yana fitowa daga ƙwai da ƙafafunshi shida, ɗan mitsitsin gara ne fari yana tafiya, yana saɓa yana girma, kaman dai yadda ɗan kyankyaso yake.

Yanzu suri, a nan ne na fi daɗewa. Suri iri biyu ne a wajen. Akwai ƙanana masu kama da kifaffen kwano, launin toka, guda uku a cikin filin, sai babba ja da ya kai ƙirjina a bayan katanga, taku 15 daga inda katakon yake. Da ni kaɗai ne da duk na rushe su rana ɗaya. Na fara fasa ƙaramin, sai na tarar ciki cike da yankakkiyar busasshiyar ciyawa, guntu-guntu kaman an yanka da almakashi, kuma sojojinsu ba irin zagon da ya cije ni ba ne, ƙanana ne, kansu ya yi tsini gaba kaman bakin sirinji, ba sa cizo, wani ruwa mai danƙo da ɗan wari suke fesowa wanda ke liƙe ƙafafun tururuwa. Waɗannan ciyawa suke ci, da dare suke fita su yanko. Na sa musu guntun katako a gefen surin na bar shi sati biyu, ko taɓa shi ba su yi ba. Kun ga ashe ko a cikin garar ma ba kowa ne ɓarawon katako ba, kuma da na bi zuciya da na kashe waɗanda ba su ci min komai ba.

Babban surin Baba bai so a taɓa ba. Ya ce mutanen da suna cewa suri gidan mutanen ɓoye ne, amma shi abin da ya fi tsoro maciji, don sau da yawa kumurci na fakewa a ramukan tsohon suri. Muka yi bisimilla, na sa takalmin roba, lebura ɗaya ya kama diga. Ƙasar nan tauri kaman siminti, diga na tashi tana ƙara. Da muka buɗe gefe ɗaya kaman faɗin tire na cusa hannu da safar roba, sai na ji iska mai ɗumi da danshi, ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko, alhali a waje ko'ina ƙura ce, wata biyar ba a ga ɗigon ruwa ba. Hanyoyi ne manya da ƙanana sun haɗu da juna, bangonsu sumul. Da muka ƙara nutsawa zuwa daidai ƙasa sai muka fara cin karo da wasu dunƙule-dunƙule a cikin ɗakuna, launin ƙasa-ƙasa, masu ramuka kaman soso, ba nauyi, in ka matsa sai su marmashe, jikinsu da 'yan ɗigo-ɗigo farare kaman an barbaɗa gero. 'Ya'yan gara farare sun cika su.

Na daɗe ina juya abin nan a hannu. Gonarsu ce. Irin wannan garar, wadda masana ke kira Macrotermes, ba ta iya narkar da itace ita kaɗai yadda ya kamata, sai ta tauna ta haɗiye ta fitar da shi da sauri ta gina wannan soson da shi, wata irin funfuna da ba ta rayuwa ko'ina sai a gidan gara ta tsiro a kai ta dafa musu shi a hankali, sannan su dawo su ci tsohon ɓangaren suna ƙara sabo ta sama. Fararen ɗigon nan funfunar ce. Wato katakona ba a wurin suka cinye shi ba, jigilarshi suka yi ta ƙarƙashin katanga suka kai gona suka yi taki. Kuma duk wannan ginin na sama da hanyoyin iska don gonar ne, tana son ɗumi wajen digiri 30 da danshi ba yankewa, dare da rana, rani da damina. Laimar kwaɗin da ke fitowa jikin wasu surikan da damina ma daga irin wannan funfunar take.

Muka bar ramin a buɗe muka tafi. Washegari da asuba na dawo na tarar sun toshe fiye da rabi da sabuwar ƙasa, jiƙaƙƙiya, ja mai duhu, in ka danna yatsa ya shiga. A watan Afrilu kafin ruwa ya sauka. Ruwan daga can ƙasa suke haƙo shi inda laima take, su ɗauko a ciki da baki, su kwaɓa da yawu, kowa ya ajiye ɗan ƙullinshi ya juya, kuma ba mai ido a cikinsu. Na zauna a kan bulo ina kallonsu da tocila har rana ta fito, sai ayar nan ta Suratu Saba'i ta faɗo min, aya ta 14, inda ba abin da ya nuna wa aljanu rasuwar Annabi Sulaiman sai 'yar dabbar ƙasa da ta ci sandarsa. A Suratun Namli aya ta 18 kuma tururuwa ce ta ce wa 'yan uwanta ku shiga gidajenku kar rundunarsa ta tattake ku. Dukansu biyu suna cikin ƙissar annabi ɗaya, kowa da aikinta, ni kuma shekara da shekaru ina jin tafsiri ina haɗa su a kwando ɗaya.

Duk da haka surin nan dole ya tashi, ba zan ɗora rufi a bar shi taku 15 daga gini ba, na nemi izinin mai filin bayan ya ce in yi. Kwana biyu lebura biyu suna haƙa. Baba ne ya nuna inda za a bi, a tsakiya can ƙasa muka samu wani dunƙulen yumɓu mai tauri kaman burodi babba, da 'yan ƙananan ƙofofi a gefe. Na fasa shi a hankali da bakin adda. Uwar tana ciki, fara mai kauri da ɗigon layuka masu duhu a baya, na auna da rula santimita 9, kanta da ƙafafunta 'yan ƙanana a gaba kaman na sauran, sauran duk ciki ne yana motsi kaman numfashi. Ba ta iya tafiya, ƙofar ɗakin ma ta fi ƙarfin ta fita. Ma'aikata sun kewaye ta suna lasa suna kwashe ƙwai ta baya. Irinta kan yi ƙwai 20,000 ko fiye a rana, kuma takan kai shekara 20. A gefenta ga wani mai duhu, ya fi ma'aikatan girma sosai, yana ta ƙoƙarin shigewa ƙarƙashinta. Mijin ne. A nan ma sun saɓa da tururuwa, don namijin tururuwa yana barbara sau ɗaya ya mutu, gidan tururuwa duk wadda ka gani tana aiki mace ce, amma gara da uwa da uba suke zaune har ƙarshe, ma'aikata kuma akwai maza akwai mata. A irin wannan ta suri manyan ma'aikatan ne maza, sojojin duk mata ne. Na ce Baba ashe zagon nan mace ce, ya ce, "Toh Alhaji ai ba a fi uwa zafi a bakin ƙofa ba." Ban ji daɗin kashe ta ba, gaskiya, na daɗe riƙe da ita kafin in sa ta a sifirit.

Na so in je kogon dutse na gaske in ga ko ƙwarin da ke zaune a duhun can su ma makafi ne kaman gara, akwai duwatsu wajen Kajuru, amma yanayin hanya ya sa na haƙura. Sai na shiga wani tsohon kwalbati da ya rufta rabi a bakin rafin da ke ƙasan unguwar, da tocila da Baba a bakin yana riƙe da sanda. Kyankyasai ne jikin bango da gyare masu dogayen ƙaho, duk da idanunsu, ina haska su suna tsere, kenan masu fakewa ne da rana su fita da dare. Na kogo na ainihi daban ne, na karanta labarin wani ɗan ƙwaro da mai kunna fitilun kogon Postojna a ƙasar Sulobeniya ya tsinta a 1831, ba ido, ba fiffike, jikinshi ya koɗe, ƙafafu da ƙahonni dogaye don lalube, shi ne ƙwaron kogo na farko da masana suka rubuta. Da na ajiye hotonshi kusa da hoton ma'aikaciyar gara sai na ga duhu iri ɗaya yake yi wa kowa, ya ɗauke ido ya ɗauke launi, ko da ba dangi ba ne. Kwarkwasa ma tururuwa ce cikakkiya da ƙugunta, amma ma'aikatanta makafi ne. Don haka na daina duba ido in ina neman dangi, ƙugu da ƙaho nake dubawa, ido sai dai ya faɗa min inda abu yake wuni.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, kwana biyu bayan nan da magariba shinge ya fito daga surikan da ke can gaba wajen gonaki. Baba ya kunna fitila ya ajiye baho da ruwa a ƙasa, yaran maƙwabta suka cika wajen da robobi za a kai gida a soya da gishiri. Na kama guda na sa a gilashi. Ga idanu manya baƙaƙe, ga jiki mai duhu da tauri, fukafukai huɗu duk tsawonsu ɗaya sun ninka jikin. Uwa ɗaya ta haife shi da makauniyar da ke cikin rami, amma shi da yake zai fita sarari na dare ɗaya an ba shi ido da launi. Tururuwa mai fiffike da ta zo fitilar ita ma na kama, nata na gaba sun fi na baya tsawo, ga ƙugun nan. Shingen suna sauka sai su karkaɗe fukafukan su zube, sai ka ga biyu-biyu, mace a gaba namiji na bin ta kai a gindi, suna neman inda za su nutse.

Abin da ya rufe min baki da kyau ya faru ne wata Lahadi da safe a farkon Yuni. Ina zaune sai Baba ya kira ni da hannu ba magana. Manyan baƙaƙen tururuwan nan ne, irin waɗanda suka harbi autana, sun shigo ta ƙarƙashin ƙofa a jere, sahu uku ko huɗu, sun kai ɗaruruwa, guda ɗaya a gaba tana jan su. Na hura musu iska suka yi wani sauti sss gaba ɗaya amma ba su watse ba. Suka wuce kai tsaye gindin wani kututture inda wata garar ke cin saiwa ƙarƙashin yaɓe, manyan suka fasa yaɓen, ƙananan suka kutsa, minti kaɗan sai ga su suna fitowa kowa baki cike da gara, suka sake jeruwa suka koma ta inda suka zo. A ƙarshen layin na ga ɗaya ta ɗauko 'yar uwarta, wadda aka ɗauko ta naɗe ƙafafu, da sojan gara maƙale a ƙafarta. Na ɗauka gawa ce za su ci. Da na bincika, sunansu Megaponera, abincinsu gara ce kawai, tun 1978 an buga bincike a kan farautarsu da aka yi a Mokwa ta jihar Neja. A 2017 da 2018 kuma Erik Frank da abokan aikinshi na jami'ar Wurzburg ta Jamus, da suka yi aiki a dajin Comoe na Kwaddibuwa, suka nuna cewa masu raunin suke ɗaukowa su kai gida, a cire musu garar da ta maƙale, a lashe raunin, kuma yawancinsu su warke su koma fita.

Waɗannan na sa aka ɗura wa fiya-fiya, gida biyu, ɗaya ma a gindin katangar da na jera katakon. Ba zan ce da suna nan ko katako ɗaya ba zai taɓu ba, babban suri ya fi ƙarfin gida biyu na tururuwa, kuma ni ne na ajiye itace a kan ƙasa na rufa mishi tamfol ya yi duhu da gumi. Amma masu fita farautar gara safe da yamma a daidai wurin nan ni na kawar da su da kuɗina, kuma akwai hadisin Ibn Abbas a Abu Dawud da ya hana kashe wasu halittu huɗu, tururuwa na ciki, na san shi tun ina islamiyya.

Sabon katakon yanzu yana kan bulo layi uku, an shafe shi da baƙin mai, ba tamfol sai tsohon kwano a sama iska na ratsawa, duk Asabar ina duba jikin bulon ko an fara jan layin ƙasa. Na ce wa leburori ramin baƙaƙen nan da ke bayan ɗakin Baba kar wanda ya taɓa, na kewaye shi da duwatsu, autan kuma na nuna mishi su na ce in ya ga layinsu ya tsallake. Ƙananan surikan ciyawa guda biyu da ba su shiga harsashin gini ba suna nan. Daren shinge na ɗauki biyu masu bin juna na sa a kwalbar mayonis da jiƙaƙƙiyar jar ƙasa na naɗe da baƙar leda, uwargida ta ce ba dai a gidanta ba, don haka tana ɗakin Baba ƙarƙashin gado. Sun haƙa ɗan ɗaki kaman ƙwayar gyaɗa a jikin gilashin suka toshe kansu a ciki, ranar Asabar da na ɗaga ledar na haska na ga 'yan ƙwai farare a dunƙule a gefe, su biyun suna ta juya su da baki.